Kimiyya a Sauƙaƙe: Ciwo a ƙafa, me ya kai shi huhu?

 Cikin wasiƙun da suka iso makon jiya akwai wata da ta sa na ajiye abin da na shirya mana, na ce bari mu fara da ita. Wata ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare ta rubuto, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce:

"Malam, ƙanena ɗan shekara 11 fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa wajen ƙwallo. Aka wanke aka ɗaure da tsumma. Bayan kwana huɗu ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, aka sayo masa magani a kemis. A rana ta shida sai ya fara numfashi sama-sama, yana sambatu, fitsari ma ya ɗauke. A asibiti likita ya ce sefsis ne, aka sa masa oksijin da ƙarin ruwa da allurai. Yanzu ya samu sauƙi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ciwon a ƙafa yake, me ya kai shi huhu da ƙoda? Kuma a aji an koya mana cewa fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki. To ina suka shiga a lokacin?"

Allah ya ƙara masa lafiya, 'yata, ku kuma sannunku da jinya. Tambaya biyu kika yi, amma amsarsu kusan ɗaya ce. Sojojin suna nan, ba inda suka je. Miliyoyinsu ne suka sauka a tashar da ba tasu ba, suka manne a bangon hanyoyin jinin huhu da hanta da ƙoda, suka buɗe wuta a can. Kafin mu gane yadda hakan ke faruwa, sai mun ga yadda wannan mannewa take aiki a jikin mai lafiya, domin ita ce dai take warkar da ku duk ranar da kuka yi tuntuɓe.

Bari mu fara da kalmar. Mutane kan ce sefsis "gubar jini" ne, ko su ce "cuta ta shiga jini". Wannan fassara ba ta cika ba, don akwai masu sefsis da yawa da za a gwada jininsu ba a samu bakteriya ba. Ma'anar da likitoci suka tsaya a kai tun 2016 ita ce: ƙwayar cuta ta kama wani sashe na jiki, jiki ya tashi yaƙi, amma yaƙin ya wuce gona da iri har ya koma lalata manyan sassan jikin mai shi. Wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai mutum miliyan 48.9 suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka mutu. Wato cikin kowane mutum biyar da suka rasu a waccan shekara, ɗaya da hannun sefsis a ciki. Kimanin miliyan 20 na waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka kudu da Sahara tana cikin yankunan da abin ya fi ƙamari.

Yanzu mu leƙa cikin jini. A ɗigon da bai kai ƙwayar riɗi ba, wanda masana ke kira maikirolita ɗaya, akwai jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 5, farare kuwa tsakanin 4,000 da 11,000 ne kawai. Fararen iri-iri ne, amma yawanci fiye da rabinsu wasu ne da ake kira niyutorofil, su ne 'yan sahun gaba idan bakteriya ta shigo. Ɓargon babban mutum yana ƙera kimanin biliyan 100 nasu kowace rana, don ba su da tsawon rai. Faɗin guda ɗaya wajen maikiromita 8 ne, sai an jera kusan goma kafin su kai kaurin gashin kai.

Ga matsalar da ke gaban niyutorofil. Bakteriyar da kwalba ta shigar tana cikin naman ƙafa, a bayan bango. Shi kuwa yana cikin jini, jini yana gudu da shi, zuciya na tunkuɗa wajen lita biyar kowane minti. Ba shi da ido, ba shi da birki. Kamar mutum ne da rafi ya ɗebo a tsakiyar damina cikin dare, aka ce lallai sai ya fita daidai mashigin ƙauyensu. Yaya zai yi?

Wanda ya fara bayyana abin dalla-dalla wani likitan Jamus ne, Julius Cohnheim, a birnin Berlin a 1867. Ya ɗauki kwaɗo mai rai, ya shimfiɗa siririn tantanin da ke riƙe da hanjinsa a ƙarƙashin madubin likita, ya zauna yana kallon jini na gudu. Da wurin ya fara kumburi sai ya ga hanyoyin jinin sun buɗe, fararen ƙwayoyi sun koma gefe sun jeru a jikin bango, sun tsaya, daga nan suka ratsa bangon suka fita cikin nama. A lokacin malaminsa, shahararren masanin cututtuka Rudolf Virchow, yana koyar da cewa mugunya daga naman wurin take tsirowa. Ɗalibi ya nuna cewa daga jini take fitowa. Kafin wani ya ce zai gwada haka a aji gobe, a tuna cewa hujja Cohnheim ya kawo, ba tsaurin ido ba. Shekara 21 kafin nan wani likita ɗan Ingila, Augustus Waller, ya ga irin wannan a harshen kwaɗo, amma ba a kula shi sosai ba.

Cohnheim ya ga suna tsayawa, bai dai san da me suke kama bangon ba. Wannan sai da aka ɗauki fiye da shekara 120 kafin a warware shi.

Daga bangon labarin yake farawa. Cikin kowace hanyar jini an yi mata daɓe da wasu shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi, layi ɗaya tak, ana kiransu endoteliyam. A saman daɓen kuma akwai wani yauƙi na sukari da furotin, mai santsi kamar jikin tarwaɗa. Muddin lafiya lau ake, komai zamewa yake ya wuce. A can cikin nama kuma akwai wasu fararen ƙwayoyi masu gadi da ke zaune dindindin, sunansu makarofej. Su ne suka fara jin motsin baƙo a ƙafar yaron, suka saki sinadaran kururuwa, waɗanda suka fi shahara cikinsu su ne TNF da IL-1. A ƙaramin rauni kururuwar ba ta zuwa nesa. Hanyoyin jinin da ke maƙwabtaka da raunin kawai ke jin ta, musamman ƙananan jijiyoyin da ke karɓar jini daga siraran hanyoyin nan da ake kira kafilari, su nufi zuciya da shi. A nan gudun jini yana da dama-dama, kuma jajayen ƙwayoyi kan taru a tsakiya su ture farare zuwa gefe.

Duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka ya san ƙarangiya. Irinta daɓen yake fitarwa, wasu 'yan ƙugiyoyin furotin da ake kira selektin. Akwai P-selektin, wanda dama yana ajiye a cikin 'yan jakunkuna a ƙwayoyin daɓen, cikin mintoci kaɗan da jin rauni yake fitowa. Akwai E-selektin, shi sai an ƙera shi sabo bayan kururuwar TNF da IL-1 ta iso, don haka yana ɗaukar sa'o'i. Abin da ƙugiyoyin ke kamawa wani nau'in sukari ne da ke jikin farar ƙwaya. Kamun ba shi da ƙarfi: wannan ya kama ya saki, na gaba ya kama ya saki. Sai ƙwayar ta daina tafiya da gudun jini, ta koma mirginawa a jikin bango a hankali, kamar wanda ruwa ke ja yana damƙar ciyawar bakin rafi, tana tsinkewa yana damƙar ta gaba.

A nan akwai wani abu da yake burge ni. Duk abin da aka liƙa, idan an ja shi da ƙarfi ɓallewa yake da wuri. Amma a 2003 masu bincike a Amurka suka auna kamun P-selektin guda ɗaya tal, suka ga cewa idan an ƙara ja, har zuwa wani iyaka, kamun ƙara daɗewa yake. Irin zargen da ake yi wa akuya ne, tana fizga yana ƙara matsewa. Wato gudun jinin da ke neman tafiya da ƙwayar shi ne kuma yake taimaka mata ta riƙe.

Amfanin mirginawar shi ne ta ba ƙwayar damar jin abin da ke jikin bango. Daɓen da ke kusa da rauni yakan rataya wasu sinadarai da ake kira kemokain, misali IL-8, kuma ma'anarsu a wurin niyutorofil ita ce "nan ne, sauka". A jikinsa kuwa akwai wasu ƙugiyoyi masu ƙarfi, sunansu intagirin, amma a ninke suke kamar askar wanzami a aljihu. Da ya taɓa kemokain, cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba intagirin ɗin sun miƙe, sun cafki abokin kamunsu da ke jikin daɓe, wani furotin mai suna ICAM-1. Wannan kamun ba na ƙarangiya ba ne, na danƙo ne. Ƙwayar ta tsaya cik. Sai ta baje, ta rarrafa har ta samu gaɓar da ƙwayoyin daɓe biyu suka haɗu, ta matse jikinta ta kutsa tsakaninsu, ta bi warin sinadarai har zuwa inda bakteriya take, ta haɗiye ta.

Makamanta ba na wasa ba ne. Tana da sinadarai masu narkar da furotin, tana kuma haɗa irin sinadarin nan mai kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin ruwan bilic. Mugunyar da kuke gani a maruru yawancinta gawarwakin niyutorofil ne da suka mutu a bakin aiki, kuma launin kore-koren da takan yi, ko wanda majina kan yi, daga wani furotin nasu yake.

Yadda aka tabbatar da wannan jeri yana da daɗin ji. A 1991 wasu masu bincike biyu a birnin Boston na Amurka, Michael Lawrence da Timothy Springer, suka shafe farantin gilashi da waɗannan furotin, suka riƙa tura niyutorofil a kai cikin ruwa mai gudu. A kan ICAM-1 kaɗai, ƙwayoyin wucewa suka yi abinsu. A kan selektin kaɗai, mirginawa suka yi ba tsayawa. Sai da aka haɗa biyun, aka kuma ba su sinadarin da ke tashinsu, sannan suka mirgina suka tsaya. A shekarar ce kuma Eugene Butcher na Jami'ar Stanford ya bayyana abin a matsayin matakai masu bin juna, wanda idan ɗaya ya faɗi na gabansa ba zai yiwu ba.

Idan kuna son sanin darajar wannan mannewa, ku dubi waɗanda ba su da ita. Akwai wata cutar gado da ba kasafai ake samunta ba, kusan mutum ɗaya cikin miliyan, inda ake haihuwar jariri intagirin ɗinsa ba sa aiki. Alamar farko takan zama cibiya ta ƙi faɗuwa har fiye da wata guda, domin niyutorofil na cikin masu aikin raba ta da jiki. Yaron zai riƙa samun gyambon da ba ya warkewa, kuma babu mugunya ko kaɗan. Idan aka gwada jininsa za a tarar da fararen ƙwayoyi maƙil, ninkin na sauran mutane. Suna nan suna ta zagaye, ba su da abin tsayawa. Idan ba a yi wa masu tsananin cutar dashen ɓargo ba, da yawa ba sa wuce ƙuruciya.

To, 'yata, mu dawo kan ƙanenki. Duk wannan tsari a kan adireshi ya dogara. Selektin da kemokain da yawan ICAM-1 suna bayyana ne a inda ake buƙata kawai, sauran hanyoyin jinin jiki suna nan da santsinsu. Amma ƙafar ta yi kwanaki bakteriya na hayayyafa a ciki. Ɓurɓushin jikinsu da gubarsu da sinadaran kururuwar makarofej suka yi yawan da suka malala cikin jini, jini kuma ya kai su ko'ina. Daɓen huhu ya ji, na hanta ya ji, na ƙoda da na hanji suka ji, kowanne ya ɗauka a unguwarsu gobarar take, ya fito da ƙugiyoyinsa. Yauƙin nan mai santsi ya fara zubewa, har likitoci masu bincike kan auna gutsattsarinsa a jinin masu sefsis. Su kuma niyutorofil, tun suna tsakiyar jini kururuwar ta same su, suka zare makamai kafin su isa ko'ina. Ku ɗauka duk gidajen gari ne suka kira 'yan kwana-kwana a lokaci guda. Motoci za su cika kowane lungu, su toshe hanya, su yi ta feshi a gidajen da ba wuta.

Me ya sa huhu ke shan wahala da wuri? Dalili biyu ne. Na farko, duk jinin da ya dawo daga jiki, har da na ƙafa mai ciwo, sai ya bi ta huhu kafin ya sake fita, kusan sau ɗaya kowane minti. Na biyu, da yawa daga cikin kafilarin huhu sun fi niyutorofil ƙanƙanta. Ko a jikin mai lafiya sai ya lanƙwashe ya miƙe kamar tsutsa kafin ya wuce, kuma irin wannan matsi gommai ne a gabansa a kowane zagaye. To niyutorofil ɗin da aka riga aka tasa sandarewa yake yi, sai ya maƙale. A nan ko selektin ba a cika buƙata ba, ƙuncin hanyar ya isa ya tsayar da shi, daga baya intagirin su ƙarasa ɗaure shi. Bangon da ke tsakanin jini da iska a huhu kuwa, a wasu wuraren kaurinsa bai kai maikiromita ɗaya ba. Ku ƙaddara an zuba sinadari mai narkar da nama da ruwan bilic a kan irin wannan bango. Yoyo zai fara, ruwa daga jini ya tsiyaya cikin 'yan buhunan iska, oksijin ya kasa ratsawa. Numfashin sama-saman da kika gani ke nan: huhu na jan iska, amma kaɗan ce ke isa jini.

A hanta ma suna taruwa, a can wani irin kamu daban suke amfani da shi. Kuma akwai wani makami da ba a san da shi ba sai a 2004, lokacin da masu bincike a Berlin suka gano cewa niyutorofil kan iya amayar da zaren DNA ɗinsa waje, ya shimfiɗa shi kamar komar masunta, a shafe da guba, don ya kama bakteriya. A 2007 wata tawaga a birnin Calgary na Kanada ta nuna cewa a sefsis mai tsanani 'yan ƙwayoyin nan masu daskarar da jini, wato filetilet, sukan manne a jikin niyutorofil su zuga shi ya jefa komar a cikin hanyar jini. Tana kama bakteriya kam, amma tana ƙona daɓe, tana kuma jawo jini ya riƙa daskarewa ƙanana-ƙanana a siraran hanyoyi. A 2002 likitoci a birnin Brussels na Beljiyam sun ɗora wata 'yar kyamara a ƙarƙashin harshen masu sefsis, suka ga da yawa daga cikin siraran hanyoyin jininsu ko dai jini ya tsaya, ko yana tafiya yana tsayawa.

Ku haɗa waɗannan wuri ɗaya. Ruwa na zurarewa daga jini zuwa nama ta bangon da ke yoyo. Hanyoyin jini sun saki sun buɗe, don haka ƙarfin bugun jini ya faɗi. Wasu ƙananan hanyoyin sun toshe. Ƙoda, wadda aikinta tace jini, ta rasa isasshen jinin da za ta tace, ita ma kumburin ya taɓa ta, sai fitsari ya ɗauke. Ƙwaƙwalwa ta ji a jikinta, sai sambatu. Fararen ƙwayoyi ba su kaɗai ke da laifi a nan ba, amma suna tsakiyar abin.

Abin takaicin kuma, ita ƙafar da ta fara kiran ba ta samun isassun sojoji. Wasu masu bincike a Barazil sun nuna cewa idan sefsis ya yi tsanani, niyutorofil kan janye 'yan kunnuwan da yake jin kemokain da su zuwa cikin jikinsa, kamar wanda hayaniya ta yi wa yawa ya toshe kunne. Daga nan ba ya iya bin sawu zuwa wurin ciwon. Shi ya sa ma sakamakon gwajin jinin mai sefsis yake iya zuwa ta fuska biyu. Wani fararen ƙwayoyinsa sun haura 12,000 saboda ɓargo na ta turo sababbi, har da waɗanda ba su gama nuna ba. Wani kuwa sun faɗi ƙasa da 4,000, saboda allurar ɗibar jini abin da ke yawo kawai take samu, wanda ya manne a bango ko ya riga ya mutu ba ya shiga lissafi.

Na san abin da mai kaifin basira cikinku zai ce: to a ba da maganin da zai hana su mannewa mana. An yi wannan tunani, an kuma gwada. A dabbobi, toshe intagirin ya kare huhu a wasu gwaje-gwajen, a wasu kuma ya bar bakteriya ta ci karenta babu babbaka, kamar dai yaran nan masu cibiyar da ba ta faɗuwa. A shekarun 1990 an gwada magungunan toshe TNF a jikin dubban masu sefsis, ba su kawo sauyin da aka sa rai ba, ɗaya daga cikinsu ma ƙara yawan mace-mace ya yi. Wani magani mai suna Xigris, wanda aka yi don rage daskarewar jini da kumburi, ya samu amincewa a Amurka a 2001, aka janye shi daga kasuwa a 2011 bayan sabon gwaji ya nuna ba ya ceton rai. A ganina wahalar a fili take: abin da ake so shi ne a hana mannewa a huhu a bar ta a ƙafa, a jiki ɗaya, a lokaci ɗaya, alhali ƙugiyoyin kusan iri ɗaya ne. Wanda ke neman tambayar da zai yi wa aiki idan ya je jami'a, ga guda nan.

Waɗannan ƙugiyoyi ba baƙinmu ba ne a nan gida. A ciwon sikila, P-selektin na cikin abin da ke sa fararen ƙwayoyi da jajaye su liƙe a bango su toshe hanya, har ciwon ya tashi. An ma yi maganin toshe shi mai suna Adakveo, Amurka ta amince da shi a 2019, Tarayyar Turai kuma ta soke lasisinsa a 2023 bayan wani babban gwaji bai nuna amfaninsa ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a shekara. Saifar waɗannan yara, wadda ita ke tace wasu nau'o'in bakteriya daga jini, takan lalace tun suna ƙanana, don haka zazzaɓi a jikin mai sikila maganar asibiti ce a ranar, ba ta gobe ba. Ita kuma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro wayo ta koya: idan ta shiga jar ƙwayar jini sai ta sa mata ƙugiya, ta liƙe a bango don kada jini ya kai ta saifa, kuma ICAM-1 ɗin nan na cikin abin da take kamawa.

Tunda babu maganin da ke ɓamɓare ƙwayoyin daga bango, me ya ceci yaron? An kashe tushen kururuwar ne. Alluran antibayotik ta jijiya sun kashe bakteriya, ƙarin ruwa ya ɗago bugun jini, oksijin ya riƙe shi kafin huhu ya gyara kansa, kuma a irin wannan hali akan buɗe raunin a fitar da mugunya. Idan kiran ya lafa, daɓen kan janye ƙugiyoyinsa ya sake yin yauƙi. Amma abin na lokaci ne. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, mai sefsis ɗin da bugun jininsa ya faɗi a fara masa antibayotik cikin sa'a ɗaya. A labarin da kika bayar, rana ta huɗu ce ranar asibiti, lokacin da ƙafa ta kumbura zazzaɓi ya biyo baya. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, haka akasarin gidajenmu za su yi. Sai dai maganin zazzaɓi na kemis zafin jiki kawai yake saukarwa, ƙwayar antibayotik biyu-uku da aka ƙirgo a leda kuma ba lallai ta dace da bakteriyar ba.

Da yawanku ku ne masu karatu a gidajenku, ku ake tambaya. Duk wanda ke da rauni, ko maruru, ko tari, ko gudawa, ko ciwon fitsari, ko macen da ta haihu kwanan nan, idan aka ga yana numfashi da sauri, ko ya ruɗe yana magana ba kan gado, ko barci ya yi masa nauyi da ƙyar ake tashinsa, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi alhali yana rawar ɗari, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. A jariri alamun sun fi ɓoyuwa: ƙin kama nono, jiki ya saki, zafi ko sanyin da ya wuce kima, jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana wari. Cibiyar jariri ƙofa ce a buɗe, kada a sa mata man goge baki ko toka ko wani haɗin gida, akwai man kulohekzidin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa don ita. Idan kun isa, ba rashin kunya ba ne ku tambayi likita cikin ladabi ko abin zai iya zama sefsis. Ranar 13 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Sefsis ta Duniya, ƙungiyar kimiyya ta makarantarku za ta iya shirya wani abu a kai.

Aikin gida na wannan mako guda biyu ne. Na farko lissafi: idan ɓargo na ƙera niyutorofil biliyan 100 a rana, guda nawa ke nan a sakan ɗaya? Na biyu, ku je ku ga fararen ƙwayoyin jininku da idonku. Ranar da gari ya yi garau, ku juya wa rana baya, kada ku kuskura ku dube ta, ku zuba ido a shuɗin sama na kamar rabin minti. Za ku fara ganin wasu 'yan ɗige-ɗige masu haske suna gudu a karkace suna ɓacewa. Fararen ƙwayoyi ne ke matsawa ta kafilarin da ke gaban tantanin ganinku. Jajaye suna shanye shuɗin haske, farare kuma suna barin shi ya wuce, sai kowace ta zama kamar 'yar taga mai tafiya. Wani likitan ido ɗan Jamus, Richard Scheerer, ya yi bayanin abin a 1924. Ku sa yatsa a wuyan hannu ku duba ko gudunsu na tafiya da bugun zuciyarku, ku rubuto mana abin da kuka gani tare da sunan makarantarku.